Kafin In Sayi Kunne

Shekara talatin da ɗaya na yi a Loko,
ƙarfe na dukan ƙarfe, jirgi na huci,
na fito da fansho da kunne ɗaya da rabi.
Yanzu rabin ma ya fara sallama.

Ladingo ta ce, "A kawo shayi?"
Na ce, "Wa ya yi tsayi?"
Da can takan yi dariya har ta dafa bango.
Bana ta daina dariyar,
wannan ya fi yi mini ciwo.

Barau ya riga ni.
A Kwangila ya samo tasa,
wurin wani yaro mai baza kaya a ƙasa,
tsakanin cajar waya da maganin ɓera.
'Yar mitsitsiya, kamar ƙwayar wake.
Ranar Juma'a ya maƙala ta,
liman na tsakiyar huɗuba ta kama fito,
sahu biyu suka waiwayo.
Ya ce, "Tanimu, komai ina ji:
injin niƙa, janareto, takun akuya,
taunata ma kamar ana fasa dutse.
Maganar mutum ce kawai ba na ganewa."
Ya koma Kwangila, yaro ya tashi.
Yau tana gwangwanin madara
tare da maɓallai da tsofaffin kwabbai.

Ni jikata Rumasa'u ta tare ni a zaure,
ta ce, "Ba a cinikin biri a sama.
Mu je Shika a leƙa tukuna.
Wani kunnen dauɗa ce ta toshe shi,
a wanke, a dawo gida.
Wanda kuwa ke ciwo, ko yake zubar ruwa,
ko ya ɗauke dare ɗaya, ko ya zo da jiri,
ba na kanti ba ne, na likita ne."

Muka je.
Suka rufe ni a wani ɗan ɗaki,
wai in ɗaga hannu duk sanda na ji ƙara.
Na ɗaga a wasu,
a wasu na zauna tsuru kamar wanda ake bi bashi.
Suka ce na hagu ya yi nisa,
na dama ana iya tallafa masa.

Ga tambayoyina nan a bayan katin asibiti,
da biro ja na rubuta:

Caji take ci?
To wutar Sabon Gari baƙuwa ce,
takan zo ba sallama, ta tafi ba ban kwana.
Batir take ci?
An ce bai kai ƙwayar masara ba,
kuma yatsun da suka saba da sifana
yanzu allura ma gagararsu take.
A ina ake sayar da shi in ya ƙare?

Tana jure ruwa?
Sau biyar a yini ina shafar kunne,
wata rana dole in manta.
Ga gumin bazara, ga laimar Agusta.
Ana iya rage mata murya a kasuwa,
a ƙara mata a ɗaki?
In ta yi gardama, akwai mai gyara a Zariya,
ko sai an aika Legas, a jira har a gaji?
In na gwada mako biyu ba mu daidaita ba,
za ku karɓa ku ba ni kuɗina?
A rubuta. Alkawarin baki iska ce,
ni kuwa ko iskar ba ji nake ba.

Kuɗinta fanshon wata nawa ne,
wannan ban rubuta ba, na san zan tambaya.

Har yau ban saya ba.
Jiya bayan isha Ladingo ta zagayo dama,
ta sunkuyo, ta faɗi wani abu a hankali,
irin wanda ba a faɗa da ƙarfi,
ba a kuma maimaitawa.
Na ga leɓenta. Na gyaɗa kai.

Abin da zan je nema ke nan.
In babu shi a cikin kwalin,
su riƙe wakensu.